Dan Allah a dubi masu keke, hanyar Dutsin-Ma ta isa a yi tsere a kanta

Assalamu alaikum Malam Edita, ina fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka baki ɗaya, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ka ɗan ba ni fili in faɗi wani abu da ya daɗe yana ci mani tuwo a ƙwarya, maganar keke ce da kuma hanyoyin da Allah ya ba mu a jihar nan ta Katsina waɗanda mu da kanmu ba mu san darajarsu ba.

Abin da ya tado mani da maganar shi ne gasar tseren keke ta duniya da aka yi a Kigali ta ƙasar Ruwanda cikin watan Satumba na 2025, wadda ita ce karo na farko da aka kawo ta Afirka. Yarona ne ya nuna mani a wayarshi, muka zauna ƙofar gida bayan isha'i muna kallo har caji ya ƙare. Wani ɗan ƙasar Sulobeniya mai suna Tadej Pogacar shi ya ci ta maza, tafiyar kilomita 267 da ɗoriya, kusan duk hawa da gangara ne. To ni gaskiya ba wanda ya ci ɗin ne ya tsaya mani a rai ba, hanyar ce, yadda kwalta ke lanƙwasa tsakanin tuddai ga mutane sun yi dafifi gefe da gefe har da tsofaffi da yara suna ta tafi, sai na ce ma yaron wallahi ni na taɓa tuƙa keke a wuri mai kama da wannan kuma ba ko'ina ba ne nan bayan Kurfi ne.

Na sani za a ce na yi zuzutawa. Eh duwatsunmu ba su kai na Ruwanda tsawo ba, ba su kai na Jos ko Mambila ba, ban musa ba. Amma duk wanda ya san keke ya san ba kan ƙololuwar dutse ake jin daɗin tuƙi ba, a gindin duwatsu ne, inda hanya za ta ɗan hau ta ɗan sauka, ka sha wuya minti biyar sannan gangare ya biya ka. Irin wannan ƙasar ce mutum mai shekara hamsin da wani abu irina zai iya, yaro ɗan sakandare ma zai iya, kuma irinta ce ke tsakanin Katsina da Dutsin-Ma.

Bari in ba ka yadda take don wanda bai taɓa bi ba sai cikin mota yana barci. Ka yi sallar asuba ka fito ta Ƙofar Ƙwaya tun gari bai gama wayewa ba, ka wuce makarantun nan da ke jere a hanyar, ka bi ta Batagarawa da jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, duk nan shimfiɗe take ba wahala sai dai ka yi hattara da masu mashin da 'yan Keke Napep. Daga nan gari ya fara sakinka, hayaniya ta ragu, ba ka jin komai sai ƙarar sarƙar kekenka da kukan zakaru daga ƙauyuka. Kana dosar Kurfi ƙasa za ta fara canzawa, duwatsu su fara fitowa cikin gonaki, wasu baƙaƙe sulɓi kamar an wanke, wasu kuma an ɗora wani kan wani ka rantse turawa ɗaya za su gangaro amma tun kakanninmu suna nan yadda suke. In lokacin kaka ne, wato wajen Oktoba kafin ƙurar hunturu ta rufe sama, gero ya nuna dawa ta yi kai, kuka da ɗorawa da bedi duk suna da ganye, rana na fitowa ta bugi dutsen nan ya yi ja, wallahi Malam Edita sau da yawa nakan sauka in jingine keke in tsaya ina tasbihi kawai. A mota ba ka ganin wannan, kafin ka ɗaga kai an wuce.

Tafiyar kamar kilomita 60 ce zuwa Dutsin-Ma, wanda ya saba zai yi ta cikin awa uku ba tare da ya takura kanshi ba. Lokacin da nake da tsohuwar Fonis ɗina wadda ba ta da giya, in na zo hawa sai na miƙe tsaye kan feda ina dannawa da duk nauyina, daga baya da na sayi na hannu mai giya sai na gane ashe dabara ce, ka sauke giya tun kafin hawan ya kama ka, ka bar ƙafa tana juyawa da sauƙi, kar ka bari sai numfashi ya ƙare. Kuma hanyar ba ta barinka da yunwa, ga mai shayi a kowane gari, ga masu fura da nono, ga mai faci in ƙaya ta huda maka taya, ko da yake ni ban fita sai da famfo da tib guda a ɗaure bayan sirdi. In ka isa ka ga dutsen da garin ya ci sunanshi, mai sauran ƙarfi ya ƙarasa dam ɗin Zobe ya ga ruwa iya ganinshi. Masu jini a jika ma suna iya zagayowa ta Kankiya su biyo Charanci da Rimi, su ga fankokin nan na lantarki na Lambar Rimi, su shigo ta Ƙofar Ƙaura, zagayen ya haura kilomita 150, wanda ko a ƙasar waje tsere ne cikakke na yini guda.

To amma shekaruna nawa rabona da wannan hanyar a keke? Sun kai shida. Ba sai na faɗi dalili ba kowa ya sani, tun da 'yan bindiga suka addabi yankin dajin Rugu, su Batsari da Safana da Ɗanmusa, abin ya taɓo Kurfi da Dutsin-Ma, ba wanda iyalinshi za su bari ya fita shi kaɗai da asuba ya doshi can. Mutanen da nake tsayawa in sha furarsu wasu sun bar garuruwansu, wasu an kashe masu 'yan uwa, in na tuna su sai in ji maganar keke ta yi ƙanƙanta a bakina. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu ya mayar da kowa gidanshi lafiya. Amma ina ganin ranar da mutum zai hau keke daga Katsina zuwa Dutsin-Ma shi kaɗai ya dawo ba fargaba, ranar ce za mu tabbatar zaman lafiya ya dawo da gaske, shi ya sa ban ga laifin mu fara shiri tun yanzu ba.

Matsala ta biyu kuma ba ta 'yan bindiga ba ce tamu ce, direbobi. Mai keke a titinmu ba a ɗauke shi mutum ba. Bara wata motar haya ta matse ni a hanyar Daura tana ƙoƙarin wuce tirela, sai da na faɗa gefen kwalta na kurje hannu da gwiwa rim ɗina ya lanƙwashe, direban ko waiwaye bai yi ba. Kuma laifin ba nashi kaɗai ba ne, yawancin hanyoyin nan ba su da kafaɗa, inda kwalta ta ƙare nan rami ya fara ko yashi, to ina mai keke zai matsa? Manomin da ya ɗauro buhun gero a kariya zai kai kasuwa da ɗalibin da ke zuwa makaranta duk haka suke fama kullum, su ba don motsa jiki suke hawa ba dole ce.

Sai kuma raini. Da can Rali sabuwa abin alfahari ce, malamin makaranta da ma'aikacin gona da ita suke yawo, ango ma da ita ake ganinshi. Yanzu in aka gan ka kan keke da furfura sai a fara tambaya halan wani abu ya sami kasuwarka. Ni likita ne ya ce in rinƙa motsa jiki saboda hawan jini, na koma ma keke kuma alhamdu lillahi na ga amfani, amma abokaina nawa ne ke da irin ciwon nan suna son hawa kunya ta hana su. Alhali maƙwabtanmu Burkina Faso suna gasarsu ta Tour du Faso tun 1987, ga Biniam Girmay ɗan Eritiriya da ya ci zango uku a babban tseren keke na Faransa, Tour de France, na 2024 ya ɗauki koriyar rigar da ake ba wanda ya fi tara maki, baƙar fata ɗan Afirka. Mu kuwa a shekarar 2024 ɗin ce Ese Ukpeseraye ta wakilci Najeriya a tseren keke a gasar Olamfik ta Faris, sai da 'yan Jamus suka ara mata keken da ta shiga wasu wasannin da shi. Wannan ya yi mani ciwo ƙwarai. Yaran ƙauyukanmu da ke tuƙa kilomita goma sha zuwa makaranta da dawowa da keke mara birki, wa ya taɓa gwada su ya ga abin da za su iya?

Roƙona ga Mai Girma Gwamna Malam Dikko Umaru Raɗɗa da ma'aikatar wasanni da ta ayyuka, duk hanyar da za a gyara ko a yi sabuwa a sa mata kafaɗa mai kwalta ko da taku huɗu ce a ja mata farin layi, wannan kaɗai zai ceci rayuka da yawa. Jami'an kiyaye haɗurra su shiga tasha su yi ma direbobi magana da shugabanninsu kan ba mai keke tazara. Sannan kafin hanyar Dutsin-Ma ta daidaita ai ga hanyar Daura nan ta Mashi, kamar kilomita 80, ba ta da duwatsu kamar waccan amma ta isa a fara da ita, a tashi daga Hasumiyar Gobarau a ƙare a rijiyar Kusugu, sau ɗaya a shekara da sassafe, da rakiyar jami'an tsaro da motar asibiti a baya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke tun 2018, amma ni da za a tambaye ni sai in ce a yi namu da kaka, lokacin ba zafi sosai kuma ba ƙura. A raba rukunin matasa da na dattawa, a ba masu keken gida irin Fonis nasu rukunin daban kar a haɗa su da masu giya, kyauta kuma ko sabon keke da hular kwano aka ba yaro ya ishe shi murna. Katsina da ta riƙe wasan folo shekara da shekaru ba za ta kasa wannan ba.

Mu 'yan ƙalilan da muka rage muna haɗuwa ranar Lahadi bayan asuba mu ɗan zaga bayan gari mu dawo kafin rana ta yi zafi, in an tashi shirya abin a neme mu, mun san hanyoyin nan rami da rami kuma ba mu neman ko sisi. Na gode Malam Edita, a huta lafiya.

Naka mai karatu kullum,
wani mahayin keke daga Ƙofar Ƙwaya, Katsina.