A raba gari, amma kar a kori masu ƙananan sana'o'i

Ya mai girma Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa. Na karanta rahotonku kan batun raba gari kashi-kashi, nan gidajen kwana, can kasuwanci, can kuma masana'antu, shi ne na ce bari in tofa albarkacin bakina.

Tsarin ba laifi, amma wallahi in aka bi takarda kawai talaka ne zai sha wuya, don mu nan Damagaram sana'a a cikin gida take. Ku zaga Birni ko Zango ku gani, tela da kekensa a zaure, baduku na ɗinkin fata a bakin ƙofa, mata na suyar ƙuli-ƙuli a tsakar gida yara na kai talla, to in aka ce unguwar kwana ce zalla ina za a kai su, wa zai biya masu hayar shago a Kasuwar Dole da kuɗin kabu-kabu kullum?

Abin da ya kamata a fitar daga cikin gidaje shi ne mai cutarwa: masu tara jarkokin esansi jikin ɗakunan mutane, majema da warinta, garejin da ke zubar da baƙin mai a lambatu. Kuma don Allah a daina yanka fili a bakin tabki, ruwa ba ya barin hanyarsa.

Shawarata, magajin gari ya zauna da masu unguwanni da shugabannin sana'o'i kafin a ja layi, a ware masu wuri mai ruwa da wuta tukuna sannan a ce su tashi.

Naku,
Mai karatu daga Zango, Zinder