Kek ɗin Biki Ba Sai An Ci Bashi Ba

Edita,

Ina roƙon fili in yi magana kan kek ɗin suna da walima, wanda ya fara gagarar talaka a nan Legas tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, fulawa da sukari da ƙwai suka yi tashin gwauron zabo. A shago, ado da hawa-hawa ne ke cinye kuɗin, shi ya sa marar ado ya fi araha, alhali ɗanɗanon ɗaya ne. Na gida kuwa ya fi sauƙi, domin matanmu a Agege suna gasa shi a tukunyar da aka shimfiɗa wa yashi, a kan gawayi, ba tare da jiran wutar lantarki ba. Maƙwabta ma suna iya haɗa kuɗi su sari buhun fulawa su raba.

Mai karatu, daga Agege, Legas