Ba kowace dabba ake ɗauka a kai gida ba

Malam edita, assalamu alaikum.

Tun ranar Asabar nake son rubuto muku amma na bari sai da raina ya ɗan huce. Maganar baƙon nan da kuka yi hira da shi a shirinku na rediyo ce, da ya ce wai duk wanda ya tsinci ɗan tsuntsu a ƙasa ko dabbar daji da rauni ya ɗauka ya kai gida ya yi jinya, in ta warke ya sake ta duk inda ya ga fili. Haba malam! Ita kuma mai gabatarwa sai haka ne haka ne take ta cewa, ko tambaya ɗaya ba ta jefa masa ba.

Ni na yi abin da ya faɗa ɗin nan, shi ya sa abin ya min zafi. Shekara uku kenan, da yamma liƙis na ga ɗan mujiya a gindin bishiyar bayan gidanmu, jikinsa duk farin gashi kamar auduga, ya ƙura min ido yana ƙas ƙas da baki. Tausayi ya kama ni, na naɗe shi a tsumma na shiga da shi, yara kuwa kamar an musu kyauta. Na ba shi madara a cokali, da ya ƙi na samo sirinji na ɗura masa ruwa, a tunanina ƙishi ne. Kwana biyu sai numfashinsa ya koma fita da wani ƙara, safiya ta uku na buɗe kwalin na tarar ya sandare, ƙafafun nan a dunƙule. Ƙaramar 'yata wuni ta yi ba ta min magana ba.

Sai daga baya wani likitan dabbobi ya zaunar da ni, ya ce tsuntsu ba ya narkar da madara, kuma ƙofar numfashinsa a gindin harshe take, in ka ɗura ruwa huhu yake wucewa. Abin da ya fi kashe min jiki shi ne da ya ce 'ya'yan mujiya dama sukan bar sheƙa tun ba su iya tashi ba, iyayen suna nan kusa suna kawo musu abinci da dare. Wallahi dare biyun nan ina jin wata mujiya tana ta kuka a kan bishiyar har na ce wannan ta dame mu, ashe uwar ce take neman ɗanta, ni kuma na kulle shi a kwali ina ganin lada nake samu.

Kuma ba ni kaɗai ba ne. A 2016 wasu 'yan yawon buɗe ido a gandun Yellowstone na Amurka sun ga jaririn ɓauna sun ɗauka sanyi yake ji, suka saka shi a mota suka kai wa ma'aikata, aka yi aka yi garken ya ƙi karɓarsa, ƙarshe kashe shi aka yi. Da baƙonku ya san aikinsa cewa zai yi a tsaya nesa tukuna a duba, akwai jini? fiffike ya karye? In babu a bar shi inda yake. In akwai a sa shi a kwali mai huji a wuri mai duhu da shiru, kar a ba shi komai, a nemi likitan dabbobi ko ma'aikatan gandun daji. Su jemage da dila kuwa ba a kai musu hannu sam, don ciwon haukan kare in alamunsa suka bayyana a jikin mutum da wuya ya tashi, amma ko sau ɗaya bai ambaci wannan ba, alhali yara na saurare.

Sai batun sakewa duk inda aka ga fili, nan ne ma na kusa kashe rediyon. Ai haka mesa ta cika fadamar Everglades a Florida, mutane ne suka sayo su daga Asiya suna kiwo a gida, da suka fi ƙarfinsu suka je suka zubar, yau sun cinye ƙananan dabbobin wurin, har sai da Amurka ta hana shigo da irinsu a 2012. Dorina huɗu kacal Pablo Escobar, ƙasurgumin mai fataucin miyagun ƙwayoyi, ya ajiye a gonarsa a Kolombiya, aka kashe shi a 1993 aka bar su, yanzu sun haura 160 a kogin Magdalena, gwamnati ta rasa yadda za ta yi da su, a kashe a ce rashin imani, a bari masunta su shiga uku. Zomo 24 da wani Bature mai suna Thomas Austin ya saka a Ostareliya a 1859 ma ba sai na faɗi ɓarnar da suka yi ba bayan sun hayayyafa.

Af, tunda na riga na ɗauki alƙalami, dan Allah ku rage kiɗan nan da kuke sawa a ƙarƙashin hira, rabin abin da masu kiran waya ke faɗa ba a ji, ga talla sau huɗu cikin rabin awa, lambar taku kuma tun bara nake bugawa ba ta taɓa shiga ba.

Ku gayyato likitan dabbobi na gaske ya gyara maganar nan a wannan shirin dai, a daidai lokacin da aka yi ta, kuma in za ku karanta wasiƙata kar ku yanke wurin mujiyar.

Naku,
wani mai sauraronku kullum