Godiya ga masu aikin famfo na Ƙofar Ruwa da suka gyara mana masai

Assalamu alaikum. Wannan godiya ce zuwa ga maigidan shagon kayan famfo da muka yi hulɗa da shi a kasuwar Ƙofar Ruwa, shi da yaransa biyu da ya turo mana gida. Maigida, na riga na yi maka godiya a waya amma gaskiya raina bai kwanta ba, shi ya sa na ce bari in rubuta a fili jama'a su gani.

Masan zama ne a banɗakin Hajiyarmu, saboda ciwon gwiwa ba ta iya tsuguno. Ya fara rawa in an zauna, kuma duk sanda aka kora ruwa sai ka ga danshi na fitowa ta gindinsa yana bin layin tayil, ga wari wanda ko turaren wuta ba ya kashe shi. Ita Hajiya ba warin ne ma ya fi damunta ba, maganar tsarki ce, kullum tana cikin kokwanto ko bakin zaninta ya taɓa ruwan, sai ta sake kaya kafin ta tada salla, tsohuwa mai ciwon ƙafa fa. Wani da muka fara kira cewa ya yi a kwaɓa siminti a zagaye gindin shi kenan, wanda kowa ya san rufe ɓarna ne kawai, ruwan zai ci gaba da bi ta ƙasa kuma ranar da za a cire masan sai dai a fasa shi.

Yaranka da suka zo sai suka rufe ruwa, suka tsane na tanki da na cikin kwanon da soso, suka kwance noti biyun da ke riƙe da masan a ƙasa suka ɗaga shi suka ajiye a kan kwali. Babban ya ce Alhaji zo ka gani da idonka. Ashe zoben da ke haɗa masan da fayif mai inci 4 da ya tafi sokawe, wanda suke ce wa filanja, shi ne ya tsage daidai inda kusoshin suke kamawa, kuma tun asali ba a ɗaure shi da kankaren ba ɗora shi kawai aka yi, sannan da aka zo aka shimfiɗa tayil daga baya sai ya koma ƙasa da tayil ɗin, robar hana yoyo ba ta matsuwa yadda ya kamata. Kafin ya taɓa komai sai da ya cusa tsumma a bakin fayif ɗin, don kar wari ya taso kuma kar ɓaraguzai su faɗa su toshe hanya.

A nan na san masu sana'a ne. Ya cire tsohon zoben a hankali bai ji wa fayif ɗin ciwo ba, ya goge bakin tas, ya shafa gam ya zaunar da sabon a saman tayil. Ga shi babu wuta, ya ce shi ba zai bar shi haka ba sai ya huda kankaren, muka tada janareto ya sa injin huda ya yi ramukan, ya buga fisha, wato robar da ake cusawa a rami don sukuru ya kama, ya ɗaure da sukuru marasa tsatsa, ya ce na baƙin ƙarfe danshin banɗaki cinye su yake. Da suka zare tsumman suka mai da masan kan sabuwar roba sai ya ɗora ma'auni ya ga ya zauna daidai, yana ɗaure notin kaɗan nan kaɗan can, saboda tangaran in ka matse gefe ɗaya da ƙarfi tsagewa yake. Ya zagaya gindin da tishu ya yi ta kora ruwa, tishun nan a bushe wallahi. Ko silikon ɗin da ya sa bai haɗe shi ba, ya bar ɗan wuri ta baya, ya ce in wata rana yoyo ya dawo ta nan za mu gani da wuri.

Sai maganar tarbiyya, don ni ita ta fi shiga raina. Ba su shiga cikin gida ba sai da aka yi musu iso, suka durƙusa suka gaida Hajiya, da suka gama suka wanke banɗakin suka kwashe sharar su. Kuɗin da muka yi da kai tun farko shi aka karɓa, babu ƙari babu na goro, har ragowar sukurun suka miƙo min. Daga baya kuma kai da kanka ka bugo kana tambaya ko an ga wani danshi.

Maigida, Hajiya ta ce in gaya maka tana sa muku albarka kai da yaran. Allah ya ƙara buɗi a kasuwa, ya raya zuri'a, su kuma yaran Allah ya nuna mana ranar da za su buɗe nasu shagon, amin.

Naku,
wani magidanci daga Gwammaja, Kano