Zuwa ga aminina da ya shiga wasan harbi na Turawa

Damagaram, unguwar Birni

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, da yaya sanyin Faransa. Mu nan sai godiya, hunturu ya shigo da ƙurarsa. Na leƙa Zango na gaida Hajiya, tana nan ƙalau, ta ce a gaya maka ta gaji da jin murya, ido take so.

Saƙonka ya ba ni dariya. Kai da ko ƙadangare ba ka taɓa samu da danƙo ba, yau kai ne abokin aiki ya kai ƙungiyar harbi, har sun ce ka kawo takardar likita su yi maka rajista! Ka ce abin da ya ɗaure maka kai shi ne ganin tsofaffi da ƴanmata sun jeru shiru kamar masu sauraron huɗuba, kowa na huda takarda. Ka tambayi malamin tarihi, to ga abin da na sani.

Tsoro ne ya haifi yawancin ƙungiyoyin nan. A ƙasar da kake, Jamusawa sun ci Faransa da yaƙi a 1870 zuwa 1871, suka ƙwace Alzas da wani yanki na Loren. Haushin wannan ya sa ƙungiyoyin harbi suka bazu gari-gari, har yaran lakwal aka riƙa koya wa riƙon bindiga, kuma a 1886 suka haɗu ƙarƙashin tarayya guda. Ingila ta riga su: a 1859 Ingilishi suna fargabar kada Napoliyon na Uku ya tsallako musu, sai suka kafa babbar ƙungiyarsu don ƴan sa-kai su iya saiti. A gasar farko, 1860, a filin Wimbildon, Sarauniya Biktoriya ce ta buɗe harbi. Bindigar an riga an kafe ta an saita mata, igiya kawai ta ja, ka ji sarauta. Ta kuma sa kyautar fam 250. A 1890 aka mai da gasar zuwa garin Bisli, tana can har yau. Ƙungiyar Amurka kuwa, 1871, tsofaffin hafsoshin yaƙin basasa ne suka kafa ta don takaicin yadda sojojinsu ke ɓarnar harsashi, kodayake yanzu da siyasa aka fi saninta.

Da tsoron ya kwanta sai abin ya zama wasa, yana ma cikin wasannin Olamfik na farko a Atina, 1896. Wanda za su fara ɗora ka a kai shi ne bindigar iska, nisan mita 10. Ƙwayar da take jefawa milimita 4.5 ce, ɗigon tsakiya kuwa rabin milimita, kuma sau 60 ake harbawa a tsaye. Ƙarfi ba ya amfani a nan. Numfashi ne, da tsayuwa, da yadda yatsa ke lallaɓa kunama ba tare da bakin bindiga ya motsa ba. Shi ya sa ƴar shekara goma sha biyar za ta iya kunyata ƙato irinka. In ka daɗe za su kai ka mita 50, inda ake yi a durƙushe, a kwance, da kuma a tsaye.

Kada su yi maka kallon baƙon bindiga. Ka ba su labarin Sarki Tanimu, wanda ya ƙarfafa ganuwar Birni, ya tara bindigogi ta hanyar fataken Tarabulus, aka haɗa albarushi a garin nan, maƙera suka zuba igwa. Da wannan Damagaram ta tsorata maƙwabta, har zuwa 1899 da Faransawa suka yi galaba a Tirmini. Daga nan bindigarmu ta koma fada. Ranar hawan Sallah ana ɗura albarushi ba dalma, a ɗaga sama, ƙara ta tashi, dawaki su zabura, mata su rangaɗa guɗa. Ba wanda ke tambayar inda ta sauka. Saitin gaske yana wajen maharba, su kuma ba sa koya wa kowa sai nasu, ga shi dajin ma ya ƙare.

Ka ce me zai hana a buɗe irin wannan a Damagaram. Da harsashin gaske ban yarda ba, ba a wannan lokaci da makamai ke yawo daga Diffa zuwa iyakar Maraɗi ba. Bindigar iska kam ba na ƙi, in hukuma ce ke riƙe da mabuɗin ɗakin. Lambobinmu na Olamfik a Nijar biyu ne kacal, ta Isaka Dabore a dambe a 1972 da ta Alfaga a tekwando a 2016, ƙila a cikin yaran nan masu harbin kurciya akwai na uku.

Ka turo mini hoton takardarka ta farko, kada ka ɗauko ta abokinka, zan gane. Ƴan fada duk suna gaishe ka. Ka gaida uwargida da yara.

Wassalam,
Naka, amininka na Birni