Kuɗin Ƙananan Hukumomi: Mu Ga Aiki a Kasuwarmu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Wallahi na yi murna.

Ni hatsi nake sayarwa. Duk ranar kasuwa sai an yanka mana rasit, amma rumfunanmu yoyo suke, da damina magudana ta toshe, buhunan masara su jiƙe a idonmu. Asibitin mazaɓarmu kuwa, da dare ko ungozoma babu.

Ina roƙon shugaban ƙaramar hukumarmu da kansiloli su manna kasafin kuɗi a sakatariya kowa ya gani, su kuma zauna da 'yan kasuwa kafin su tsara ayyukan baɗi.

Naku,
Wani ɗan kasuwar hatsi, Jihar Katsina