Har yau agogon Taylor ne ke auna ma'aikata

Malam Edita, assalamu alaikum, dan Allah a ba ni ɗan fili. Duk sanda aka tada maganar ma'aikata albashi kawai ake tattaunawa, nawa aka ƙara, yaushe za a biya, amma da wuya kaji an tambayi waye yake yanke yawan aikin da mutum zai yi a awa ɗaya, kuma da wane ma'auni ya yanke. Wannan tambayar ta daɗe tana damuna, kuma in ka bi diddiginta sai ta kai ka wajen wani injiniya Ba'amurke, Frederick Winslow Taylor, wanda aka haifa a 1856 ya rasu a 1915.

Shi mutumin a kamfanin ƙarfe na Midvale a garin Philadelphia ya fara, daga ƙasa ya taso har ya zama babban injiniya, so ya san cikin masana'anta sosai. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne yana ganin leburori da gangan suke jan ƙafa, kuma ya san dalili, domin a lokacin in ka yi sauri sai mai kamfani ya rage kuɗin da yake biya a kan kowane kaya, to wa zai kashe kansa a banza? Sai ya ɗauko agogo ya dinga auna kowane motsi, sakan nawa a sunkuya, sakan nawa a ɗaga, sakan nawa a taka a ajiye. A 1911 ya fitar da littafinsa kan gudanar da aiki a kimiyyance, inda yace a daina aiki da kintace, a yi nazarin kowane aiki a gano hanyar da ta fi, a zaɓi wanda ya dace da shi a horar da shi, shugabanni su haɗa kai da ma'aikata, sannan a raba nauyi: manaja shi ke tsarawa, ma'aikaci shi ke aiwatarwa.

Tsakani da Allah akwai alheri a ciki, ba zan ɓoye ba. A kamfanin ƙarfe na Bethlehem ya gano cewa shebur ɗaya ake kwasar kowane irin kaya da shi, mai nauyi da mara nauyi, sai ya sa aka ƙera shebur kala-kala yadda kowace kwasa za ta tsaya wajen kilo 10. Wasu masu irin wannan nazarin, Frank Gilbreth da matarsa Lillian, suka rage motsin magini wajen jera bulo daga 18 zuwa wajen 5, mutum ya daina sunkuyon da ba dole ba. Jadawalin da injiniyoyi ke zanawa har gobe na wane aiki zai fara yaushe ya ƙare yaushe, na Henry Gantt ne, abokin aikin Taylor. Duk wanda ya taɓa aiki a inda babu tsari, kowa na yin yadda ya ga dama kuma laifi ya faɗa kan ƙarami, ya san darajar wannan.

Amma a duba labarin da shi Taylor da kansa ya fi alfahari da shi, na masu loda curin ƙarfe a taragon jirgi. Yace lebura yana loda tan 12 da rabi a rana, da aka bi tsarinsa ya koma tan 47 da rabi, kuɗinsa kuma ya tashi daga dala 1.15 zuwa 1.85. Masana tarihi daga baya sun nuna ya gyaggyara labarin, amma ko a yadda ya faɗa ɗin, aiki ya kusa ninka huɗu, lada ko ninki biyu bai kai ba. Kuma sharaɗin shi ne in an ce ɗauka ka ɗauka, in an ce zauna ka zauna, ba musu ba shawara. Wallahi nan ne abin yake min ciwo, domin an ɗauke tunani kacokan an kai ofis, an bar wa mai aikin hannu da baya kawai, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ma'aikatan wancan zamanin ma ba su yi shiru ba fa. A 1911 masu zubin ƙarfe a masana'antar makaman soja ta Watertown suka tafi yajin aiki saboda an tsaya musu a ka da agogo, magana ta kai majalisar dokokin Amurka, aka kira Taylor ya amsa tambayoyi, a 1915 aka hana amfani da irin wannan awon a masana'antun sojan. Henry Ford kuma da ya kawo layin haɗa mota mai tafiya a 1913 lokacin haɗa mota ya sauko daga sama da awa 12 zuwa wajen awa ɗaya da rabi, amma mutane suka dinga ajiye aikin suna guduwa, sai da ya kai albashi dala 5 a rana a 1914 sannan suka zauna.

To yanzu fa? Ba mai tsaya maka a ka da takarda da biro, na'ura ce ke yi. Mai amsa kiran kwastoma ana ƙirga masa minti nawa ya yi a kan kowane kira, direban kai saƙo manhaja ce ke ce masa bi nan kuma ya kamata ka isa ƙarfe kaza, mai tattara kaya a manyan sito na kamfanonin saida kaya ta intanet na'urar da ke hannunsa tana lissafa ko sakan nawa ya tsaya, har na ofis mai aiki daga gida akwai manhajar da ke lura ko yana taɓa kwamfuta. Kuma abin da mutane ba su sani ba, shi Taylor ɗin duk da tsaurinsa ya lissafa cewa mai ɗaukar wancan ƙarfen dole ya zama ba kaya a hannunsa fiye da rabin yini, kashi 57 cikin ɗari, in ba haka ba jiki zai gaza. Yau an riƙe awon an yar da hutun. Abin ya kai sai da jihar California ta yi doka a 2021 cewa dole masu manyan sito su faɗa wa ma'aikaci taget ɗinsa, wato yawan aikin da aka yanke masa, a rubuce, kuma kada taget ya hana shi cin abinci ko zagayawa. A ce sai an yi doka kafin ɗan Adam ya samu zagayawa, haba.

Ni ban ce a daina auna aiki ba, kamfanin da ba ya auna komai rufewa zai yi kowa ya rasa. Tambayata a hannun wa agogon yake. A 1984 Toyota da General Motors sun sake buɗe wata masana'antar mota a garin Fremont na jihar California wadda aka rufe a 1982 bayan ta yi ƙaurin suna wajen rigima da fashin zuwa aiki, kuma yawanci tsofaffin ma'aikatan aka dawo da su. Sai aka koya musu awon, aka ba su agogon su auna aikinsu da kansu su tsara yadda za a yi shi, aka ba kowa ikon jan igiya ya tsayar da layi in ya ga matsala. Mutanen nan dai da ake cewa ba sa jin magana, su ne suka koma fitar da motoci masu ingancin da ake misali da su a duk kamfanin.

Shi ya sa nake roƙon ƙungiyoyin ƙwadago, in za su zauna da masu kamfani kada su tsaya a kan albashi da obataim kawai, su nemi a nuna musu yadda aka lissafa taget, hutu nawa aka sa a ciki, kuma in na'ura ta yi wa mutum kuskure wa zai kai wa ƙara, mutum mai kunne ko wata na'urar. Ku ma Malam Edita dan Allah ku tura wakilanku su zauna da masu irin waɗannan ayyuka, direbobi da masu amsa waya da 'yan sito, a tambaye su ko an taɓa neman shawararsu kafin a yanke musu yawan aikin yini, sannan a buga amsar yadda suka faɗe ta.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Mai karanta jaridarku a kullum